Tambayar da Kawu Bai Yi Ba Ran Alhamis

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, magini, ya koma ranar Juma'a bayan la'asar, yau kwana goma sha uku. Ya faɗo ne daga bisa eshafodaji, katakan nan da magina ke takawa in bango ya wuce tsayin mutum, a wani shantiye, wato wurin gini, da ke unguwar Koira Kano a nan Yamai. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya faɗo. Har yau in murfin tukunya ya suɓuce wa wani a tsakar gida sai na zabura.

An kafa rumfa a titin gidansa, an jera kujeru har bakin shagon mai gyaran moto. Ban san Kawu ya san mutane haka ba. Magina suka yi ta zuwa rukuni-rukuni, da ganin tafin hannunsu ka san su, duk siminti ya tsattsage shi. Maƙwabta Zabarmawa suna shigowa suna cewa "Fonda tilas," gaisuwarsu ta ta'aziyya, ana amsa musu da godiya. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba ranar farko. Ruwa take rabawa, tana ta faɗan an bar kofuna a ƙasa. Sai da aka kawo kayansa daga shantiye, ta ga kaskensa, hular kwanon nan ruwan ɗorawa da igiyarta a ɗaure, sannan ta zauna a bakin rariya ta rushe. Tanti, matarsa, tana ƙuryar ɗaki da carbi, ba ta ɗaga kai sai in za ta amsa gaisuwa.

Maganar da na fi ji a bakin mutane ita ce, "Shi da ke hana kowa faɗowa!" Wata tsohuwa ta ce, "Ku bar faɗin haka, kwana ne ya ƙare." Kowa ya ce haka ne. Patoro, mai kwangilar ginin, ya zo da babbar mota, ya yi fatiha, ya ce za a koma aiki ran Litinin bayan addu'ar bakwai.

Akwai kuma wata magana da ba a ɗaga murya in za a yi ta. Na tsince ta ne sa'ad da nake kai wa maza ruwa. Wai katakon da ya zame da Kawu, an tarar wayar ƙarfen da ke ɗaure da shi a yanke. Wai wani baƙo da bai daɗe da fara aiki ba, shi ne na ƙarshen saukowa ran Alhamis. Wai ƴan ƙauye haka suke, in sun ga waya sai su yanka su ɗaure buhu. Baƙon ya zo gaisuwa rana ta biyu, magidanci ne mai furfura a gemu, ci-rani ya kawo shi Yamai. Ya yi sallama, babu wanda ya gyara masa wuri a tabarma. Ya tsuguna can gefe a rana, ya yi addu'arsa, ya tafi. Takalman da ke ƙafarsa na Kawu ne. Na gane su.

Ba shi ya yanke wayar ba. Ni na yanke ta. Awartakin da na yanke ta da shi yana cikin jakata duk kwanakin nan, ina raba ruwa yana bugun kwiɓina.

Zan zo kan wannan. Amma ina so a san Kawu tukuna, don kada abin da za a tuna da shi ya zama faɗuwarsa kawai.

Da na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, karo na biyu na zauna gida wata takwas, ina taya Inna kalmasa a shagonta na ɗinki kusa da Babbar Kasuwa. Kawu ya zo wata Lahadi, ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan teburin keke, ya ce, "Ɗiyata, karanta mini nan." Plan ɗin gida ne. Shi ya san gini tun ba a haife ni ba, amma ƙananan lambobin nan sun fara guje wa idonsa, Faransancin kuma bai taɓa shiga kansa ba. Na karanta. Ya ce da Inna, "Ba ni ita."

Inna ta ce, "Yaya, mace a shantiye? Cikin ƙarti? In bulo ya faɗo mata a ka mi zan ce?"

Ya ce, "Shekarata nawa a kan gini, wa kika ji an ɗauko daga shantiyena a kwance? In dai tana jin magana, da ƙafarta za ta dawo miki kullum."

Inna ta ce, "In ta yi rauni ko na ƙwarzane ne, ta bar zuwa."

Haka aka yi sharaɗi a kaina ina zaune.

Duk wanda ya fara aiki wurin Kawu, makonsa na farko ba ya hawa ko'ina. Guduma ake ba shi. Ya bi duk katakon da aka ɓalle daga kofaraji, wato akwatin da ake zuba kwaɓin kankare a ciki, ya lanƙwashe kowace ƙusa da ta fito. Kwana shida ina durƙushe ina dukan ƙusa da plan a hammata, leburori suna kirana Madam Plan. Na ce, "Kawu, ni karatu ka ɗauko ni in yi." Ya ce, "Wanda ya yi mako yana neman ƙusa, idonsa ba ya sake barin ƙasa. Ci gaba."

Ba a shiga shantiyensa da silifa. Yana da wani buhu a magaza, ɗakin ajiyar kaya, cike da tsofaffin takalma masu rufi da yake tsintowa a gwanjo, kowane da girmansa, wasu ƙafar dama da ta hagu ba ƴan gida ɗaya ba ne. In sabon mutum ya zo sai ya zazzage buhun a gabansa. Da baƙon nan ya zo, ƙafarsa ta fi ƙarfin duk abin da ke cikin buhu. Kawu ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya ce, "Kai, wannan ai kwalekwale ne." Ya cire nasa ya ba shi, ya yini a zaune kan bulo yana ba da umarni da ƙafa a naɗe, washegari ya zo da wasu. Tun ranar yake kiransa Baƙona.

Ranar farko da na je da dogon hijabina, bai bar ni na wuce ƙofa ba. Ya ja ni gaban injin kwaɓa siminti, ya jefa tsumma a bakin bel. Kafin in ƙifta ido tsumman ya shige. Ya ce, "Injin nan bai san ke ɗiyar mutunci ba ce. Ki ce wa uwarki ta ɗinka miki gajere, ki cusa bakinsa cikin riga." Kaske kuwa, in ka ɗora shi ba ka ɗaure igiyar ba, sai ya zo ta baya ya doke shi da yatsa ya faɗi ƙasa, ya ce, "Ka ga, ya riga ka sauka. Mi ya amfane ka?" Da rana ta take yakan bi mutane da gora yana sa su shan ruwa ko ba su ce suna jin ƙishi ba, wai mai jiri ba ya sanin yana jiri sai ya ga ƙasa ta taso masa. Da yamma kuma akwai man kaɗe a gwangwani kusa da tano, duron da ake tara ruwa, kowa ya wanke siminti ya shafa.

Mutum ɗaya ne yake mai da masa magana, Baba mai ƙarfe, wanda ke lanƙwasa rodi yana ɗaurewa. Bazabarme ne ɗan Goudel, Kawu kuma Bagobiri, to kun san wasan taubasantakar da ke tsakani. Kullum safe gaisuwarsu ita ce, "Bawana, ka kwana?" "Ubangidanka ya kwana, kai fa?" Shekara ashirin da wani abu suna tare.

Faɗansu na gaske sau ɗaya na gani. Kawu yana tara gwangwanayen tumatir da robobin ruwa, duk rodin da ya miƙe tsaye bakinsa a buɗe sai ya kifa masa ɗaya. Wata rana injiniya zai zo duba aiki, Baba ya bi ya cire su duka, wai shantiye ya zama kamar bola, za a raina aikinsa. Kawu ya zo ya gani. Bai yi wasan Bagobiri ba ranar. Ya ce, "Ka mayar."

Baba ya ce, "Bayan mutumin ya tafi."

"In wani ya zame kafin ya tafi fa? Rodin zai jira shi?"

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Gobirawa duk haka kuke, ga tsage a fuska ga gudu."

Kawu ya ce, "I, ina jin tsoro. Na taɓa ganin rodi ya shiga mutum ta nan ya fita ta nan. Kai ba ka gani ba. Ka mayar, ko yau babu mai hawa."

Aka tsaya cirko-cirko, injin yana ta juyawa babu mai zuba masa komai. Baba ya tofar da goro, ya ɗauki buhun gwangwani, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana zagi da Zabarmanci. Kwana biyu ba su gaisa ba. Rana ta uku Baba ya zo da gwangwanaye cike da leda daga gidansa, ya ajiye gaban Kawu, ya ce, "Ga abincinka, bawa."

Abu biyu ne Kawu bai taɓa fashinsu ba. Da safe, kafin kowa ya hau, sai ya kama sandunan eshafodaji ya girgiza da ƙarfinsa, sannan ya hau shi kaɗai, ya taka kowane katako daga wannan baki zuwa wancan. Yakan ce shi ya fi kowa tsufa, shi ya kamata ya fara. Da yamma kuma, in an taru bakin tano ana wanke hannu, sai ya yi tambaya: "Wa ya taɓa wani abu a bisa?" Dole kowa ya amsa. Na matsar da tsani. Na kwance igiya. Na bar bulo biyu a bakin taga. Ba ya faɗa a kan abin da aka faɗa a bakin tano, ko me ka yi. Sai dai ya ce, "To, mu je mu gyara," a hau a gyara kafin a watse. Abin da ka ɓoye ya gano da kansa, shi ne ba ya yafewa.

Ran Talatar makon da ya rasu ya yi mini tsawa gaban kowa. Na tsaya duba plan a ƙarƙashin bokitin da ake ja sama da igiya, ban lura ba. Ya finciko ni har plan ya yage, ya ce, "In kika sake, gida! Ni zan kai ki da kaina in ba uwarki haƙuri." Leburori suka yi ta dariya, wani ya ce Madam Plan ta kusa zama Madam Bokiti. Na yi kuka a bayan magaza.

Ran Alhamis bayan azahar ya tafi kai Tanti wurin lokotoro, wato likita, saboda hawan jininta. Ya bar mini aiki, in auna tagogi uku na hawa na biyu, ta ciki. Biyu na auna. Ta ukun sandunan da ke tallafe da rufin sun tare ta, ba a isa gare ta sai ta waje. Na fita kan eshafodaji. Katakon ya ɗan yi nisa da bango, ni kuma gajera ce, hannuna bai kai ba. Na sauko na ce, "Baba, ara mini awartaki, zare zan yanke." Ya miƙo mini bai ko ɗago ba. Na hau, na yanke wayar da ta ɗaure bakin katakon da sandar da yake kwance a kai, na jawo shi kusa da bango, na auna, na rubuta, na tura shi ya koma. Da ido yana nan yadda yake. Amma babu ɗauri, kuma bakinsa bai hau sandar sosai ba.

Ba ni da wata waya a hannu. Waya tana wurin Baba. In na roƙa zai ce ta mece ce, in na faɗa kowa zai ji, kuma ga maganar ran Talata ko bushewa ba ta yi ba. Na ce a raina bari a zo bakin tano, can ba a faɗa. Aka zo bakin tano. Kawu ba ya nan. Kowa ya wanke hannu, ya shafa mai, ana hirar ƙwallo. Babu wanda ya yi tambayar, don ba a taɓa jin ta a bakin kowa ba sai nasa. Na tsaya da hannu a cikin ruwa ina jira wani ya tambaya. Baƙo ya sauko da kwanonin siminti da ya tattaro a bisa, mai gadi ya ja ƙofa.

Na ce gobe zan riga kowa zuwa. Da asuba na yanki guntu daga wayar shanyar Inna na sa a jaka. Taksin da na shiga ya ɗauki wata mata mai buhunan albasa, ya karkata ya kai ta, ya tsaya ana sauke mata. Da na isa ƙofar shantiye Kawu ya gama girgiza sanduna, yana kan tsani. Sandunan lafiyarsu lau, girgiza ba za ta nuna masa komai ba.

Wannan wurin ne nake kasa wucewa. Na gan shi. Tsakanina da shi bai fi a kira mutum ya ji ba. Na buɗe baki. Leburori suna tsaye suna shan shayi, duk za su juyo. Na ce a raina bari ya taka katako na farko, in matsa kusa in faɗa masa a hankali. Numfashi biyu ne, ko uku. Ya taka na farko, ya taka na biyu. Na ukun ne.

Ba zan rubuta ƙarar ba.

Ya faɗo tsakanin rodi huɗu da ke tsaye, kowanne da gwangwaninsa a ka. Ɗaya ya goge shi a kafaɗa, gwangwanin ya lotse, ƙarfen bai shige shi ba. Bayansa ne ya sami tulin bulo. Mutane suka ruga za su ɗaga shi, Baba ya daka tsawa: "Kar wanda ya ɗaga shi! Shi ya ce ba a ɗaga wanda ya faɗo!" Ya durƙusa ya riƙe masa kai da hannu biyu, bai saki ba har motar pompiye, ƴan kwana-kwana masu ɗaukar wanda ya ji rauni, ta zo. Idon Kawu a buɗe. Bakinsa yana motsi, Baba ya sunkuya. Ni ma na ji, don ina durƙushe wajen ƙafarsa. Cewa ya yi, "Kar kowa ya hau." Bai sake magana ba sai kalmar shahada da aka ce ya yi a asibiti.

Ranar addu'ar uku, ina wanke kofuna a bayan rumfa, Baba ya zo ya tsaya kaina. Ya rame cikin kwana uku. Ya ce, "Ɗiya, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Baba."

Ya dubi titi. Can ya ce, "Awartakina yana wurinki."

Kofi ya suɓuce mini. Na ce, "I, Baba. Bari in ɗauko."

Ya ce, "A'a. Ba a nan na ba ki ba. Inda na ba ki, can za ki mayar mini." Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce, "Patoro ya ce baƙon nan ya zo ran Litinin da za a koma aiki ya kwashe kayansa. An ce kuma har ƴan sanda za a kira. Ƴaƴansa huɗu a ƙauye."

Daga ranar abinci ya daina wuce mini. Ina jin tsoron Inna, ina jin tsoron ƴan sanda, ina jin tsoron idon mutanen da suka yi ta ce mini "Sannu, ke ce ƴar gaban goshinsa." Na yi ta gaya wa kaina kwana ne ya ƙare, ai kowa ma ya faɗa. Gaskiya ne, kwana ne. Amma wayar ba ita ta yanke kanta ba, kuma ga mutum za a kora da sunan kisa, da takalman Kawu a ƙafarsa.

Bayan addu'ar bakwai, da mata suka ragu, na shiga wurin Tanti. Inna tana ciki tana ninke tabarmi. Na durƙusa, na fito da awartakin da guntuwar wayar shanya na ajiye a gabansu. Na faɗa, tun daga taga har zuwa bakin ƙofa, har numfashi ukun nan ban rage ba.

Inna ta ce, "Inna lillahi. Ke? Ke?" Ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Rufe bakinki, kada wani ya ji. Za su kama mini ke."

Tanti ta dubi awartakin. Carbinta ya tsaya. Na fi minti nawa ina kallon yatsunta, ban ga sun motsa ba. Da ta yi magana, muryarta a bushe take. Ta ce, "Ni na hana shi komawa ran nan. Muna fitowa daga wurin lokotoro ya ce bari ya leƙa shantiye ya sallami yara, na ce kullum shantiye, yau ɗaya ka kai ni gida." Ta ja numfashi. "Ban san abin da zan ce miki ba yanzu. Kar ki tambaye ni yafiya yau, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba ni ce mai jin wannan magana ba. Kin san inda kawunki ya ce a riƙa faɗa."

Inna ta ce da ita, "Yaya, ɗiya mace ce, gaban maza..."

Tanti ta ce, "Baƙon da ake zargi ma ɗan wata ne."

Ran Litinin na isa kafin kowa. Eshafodaji yana nan yadda aka bar shi, babu wanda ya hau, gurbin katakon a buɗe kamar wawulo. Ban iya kallonsa sau biyu ba. Mutane suka taru. Patoro ya zo. Baƙo ya zo, ya shiga magaza ya fito da ledar kayansa, sannan ya zauna kan bulo ya fara kwance igiyar takalman zai ajiye.

Ban san sa'ad da na isa bakin tano ba. Na dafa tanon. Na ce, "Baba." Na sake cewa, "Baba, ba a yi tambayar ran Alhamis ba."

Kowa ya juyo, kamar yadda na ji tsoro za su juyo ran Juma'a. Baba ya taho a hankali ya tsaya inda Kawu ke tsayawa. Bai dube ni ba. Ya dubi sama, ya ce, "Wa ya taɓa wani abu a bisa?"

Na ce, "Ni. Na yanke wayar katako na uku don in auna taga. Ban ɗaure ba. Ban faɗa ba." Na miƙa masa awartakinsa da hannu biyu.

Wani ya yi salati. Wanda ya sa mini suna Madam Bokiti ya tofar da yawu ya juya mini baya. Patoro ya fara magana da Faransanci da sauri-sauri, ban fahimci rabi ba ko da yake na iya. Baƙo kuwa yana nan zaune, takalmi ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa. Ya kifa fuskarsa a kan takalmin, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ba ni ya kalla ba. Ya ce, "Allah Ya jiƙan mai takalmi."

Baba ya bar Patoro ya gama. Sannan ya yanko waya daga ƙugunsa, ya haɗa da awartakin ya mayar mini a hannu. Ya ce, "To, mu je mu gyara."

Na ce, "Baba, ba zan iya hawa ba. Wallahi ƙafata ba za ta ɗauke ni ba."

Ya ce, "Za ta ɗauke ki. Ni zan fara. Bawan nan ya tafi ya bar mini aikinsa, ko sallama babu." Muryarsa ta karye a kan kalmar bawa. Ya kama sandunan ya girgiza, ya hau da gwiwarsa mai ciwo, aka miƙa masa sabon katako. Baƙo ya mayar da takalminsa ya zo ya riƙe mini tsani, ban roƙe shi ba. Na hau ina lissafa matakala, ban kalli tulin bulo ba. Na zagaya wayar, na murɗa sau uku, na lanƙwasa bakinta ƙasa don kada ta yagi ƙafar wani, yadda Kawu ya koya mini. Na matsa gefe. Baba ya taka katakon daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Patoro ya ce zai yi shawara a kaina, an ce kuma wataƙila a kira ni in yi bayani a ofis. Rabin leburori ba sa amsa gaisuwata. Inna tana ajiye mini abinci ba ta cewa komai. Tanti tana cikin takaba, na je jiya na share mata tsakar gida, ta ce sannu, iyakarta ke nan. Tsoron bai tafi ba, yana nan a ƙirjina safe da yamma. Baƙo dai yana bakin aikinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ciwon da ya ji ya zama kankarar zunubi. Allah Ya ba Tanti da Inna haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha, in da saura ya sa ni a ciki.

Jiya da yamma a bakin tano Baba ya manta, ya ɗauki ledarsa zai wuce. Baƙo ne ya tsayar da shi, hannunsa duk kumfa. Ya ce, "Baba, ba ka tambaya ba. Na matsar da tsani."